Igiyar Shanya a Cikin Injin

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Yuli na shekarar 1990, gari ya waye da hadari a gabas, ƙasa kuma a jiƙe sharkaf da ruwan da aka yi kafin asuba. Duk mai hankali ya san ba ranar buɗe cikin mota a tsakar gida ba ce. Ita kuwa Injiniya ya zaɓa.

Ba injiniya ba ne. Ya yi aikin gwamnati ne a sito, inda yake miƙa wa injiniyoyi sufana da safe ya karɓa da yamma, kuma a ganinsa wanda ya riƙe sufana shekara da shekaru babu abin da zai gagare shi kwancewa. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Maƙwabta suka riƙe masa shi tun ranar da ya gyara fankar Tela, ta koma hura bango ta bar Tela da gumi.

Motar ma ba tasa ba ce. Ta yayan matarsa ce, wanda kowa a gidan ke kira Yaya. Tsohuwar mota ce ruwan toka mai silinda huɗu, Yaya na lallaɓa ta kamar ƙwai. Da aka tura shi kwas ƙasar waje, sai ya kawo ta gidan hayar da ƙanwarsa ke zaune, ya ajiye a gindin bishiya. Ya ce a riƙa tayar da ita da safe, a goge ta, amma kada kowa ya taɓa mata ciki. Sannan, a kan idon Injiniya, ya miƙa makullin ga ƙanwar tasa, Malama, wadda ko keke ba ta iya tuƙawa ba.

Wannan makulli ya tsaya wa Injiniya a maƙogwaro. Yanzu ga Yaya zai dawo ƙarshen wata, ga motar kullum aka tayar da ita sai ta turnuƙe gidan da shuɗin hayaƙi, har kaji su gudu. Injiniya ya hango ranar. Zai je filin jirgi da mota mai numfashi fes, Yaya ya sunkuya ya leƙa salansa, ya ɗago ya ce, "Ashe haka kake ban sani ba?"

"Ciwon ƙarami ne," ya ce wa Malama, yana zazzage wata leda a kan tebur. 'Yan robobi ne baƙaƙe, kowace ba ta fi kan yatsa ba. "Kin ga waɗannan? Su ke rufe wuyan bawul, su hana baƙin mai zurara cikin silinda. Na motar sun tsufa sun bushe, mai yana tsiyaya, da safe ya ƙone. Shi ne hayaƙin. A cire tsoho a sa sabo, shi ke nan."

Malama tana duba littattafan 'yan ajinta, ba ta ɗago ba. "Yaya ya ce kada kowa ya taɓa mata ciki."

"Ya ce kowa. Ni kowa ne?"

"To a kai gareji mana."

"Gareji! Su sauke kan injin gaba ɗaya, su yi ta ɓatar da notina suna ɗora wa aljanu laifi? Ni ba sai na sauke komai ba. Akwai dabarar manya."

Dabarar a shagon aski ya ji ta, daga bakin wani direban babbar mota. Idan ka cire sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke riƙe da bawul, bawul ɗin faɗawa zai yi cikin silinda. Don haka sai ka cire fulogi, ka zura igiya mai laushi ta ramin, ka juya injin da hannu har fistan ya taso ya danne igiyar, ita kuma ta tokare bawul daga ƙasa. Direban ya fara cewa, "Amma fa ka tabbata ka bar..." sai layi ya zo kan Injiniya, injin aski ya hau kuka a kunnensa. Bai ji ƙarshen maganar ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba. Mutum irinsa rabin bayani ya ishe shi.

Malama ta dube shi, ta dubi hadarin ta taga, ta ciro makullin daga jaka ta ɗora a kan tebur.

"Ni dai ban ba ka ba," ta ce. "Ajiyewa na yi."

Igiya mai laushi guda ɗaya ce a gidan: igiyar shanyar Gwaggo, mai gidan hayar. Sabuwa ce fara ta auduga, 'yarta ta aiko mata, kuma ko hankici ba ka isa ka rataya a kanta ba sai ka nemi izini. Da sassafe Gwaggo ta shanya wankinta da fatan rana za ta leƙo, ta tafi dubiya asibiti. Injiniya ya kwashe wankin ya jibge a rufin motar, ya kwance igiyar, ya kunna rediyon motar don aiki ya yi armashi.

Tela, wanda shagonsa ke bakin ƙofar gidan, ya fito da awo a wuya.

"Injiniya, barka da aiki. Yau kuma wa za a yi wa fiɗa?"

"Ara mini almakashinka."

"Igiyar Gwaggo ce fa wannan."

"Aro na yi. In na gama ka ɗinke mata, ba sana'arka ba ce?"

Direban ya yi maganar a bi silinda ɗaya bayan ɗaya, amma ai shi direba ne. Injiniya duka huɗun zai yi a tashi guda. Ya ninka igiyar, ya datsa ta gida huɗu. Tela ya karɓi almakashinsa ya dube shi kamar an sa shi yanka akuyar sata.

Ya cire murfin saman injin, ya kwance abin da ke kansa, ya zuba notina a farantin Malama na baƙi. Ya cire fulogi huɗu, ya cusa wa kowane rami igiyarsa, yana barin ɗan guntun wutsiya a waje. Zuwa lokacin an fara taruwa: matan gidan a bakin ƙofofinsu, masu jiran ɗinki sun baro bencin Tela. Injiniya bai taɓa iya aiki da baki a rufe ba.

"Abin da ake zuwa Turai a koya ke nan," ya ce, yana ɗora sufana a kan babban notin gaban injin. "Ku zuba ido."

Ya juya injin. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne, a injin mai silinda huɗu, idan fistan biyu suka taso, biyu sauka suke yi. Wutsiyar igiya ta biyu ta fara sulalewa ciki, Tela ya yi wuf ya cafke. Ta uku kuwa ta yi sulub, kamar ƙadangare ya ga mage.

Rediyo ya ci gaba da waƙarsa.

"Ta shige," in ji Tela.

"Haka ake so," in ji Injiniya. "Ta shiga ta zauna."

"To ta ina za ta fito?"

"Ta inda ta shiga. Kai dai tsaya ga zare da allura."

Ba shi da abin danne sifirin, amma ya san maganinsa. Ya kifa soket, wato kan sufana mai rami, a kan sifirin na farko, ya ɗaga guduma ya kwaɗa. Sifirin ya saki. Wasu 'yan ƙarafa biyu masu kamar ɓarin gyaɗa, waɗanda ke kulle bawul, suka yi tsalle. Ɗaya ya faɗo a kan injin. Ɗayan aka ji ƙararsa a kan kwanon rufi, daga nan ba wanda ya ga inda ya faɗa.

"Ba shi da wani amfani sosai, ko?" Malama ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Yana da ɗan amfani," in ji Injiniya a hankali. "In babu shi mota ba ta tashi."

A daidai nan yayyafi ya sauko. Malama ta fito da lema, Injiniya ya matso da kansa ƙarƙashinta, ta zagaye shi ta riƙe ta a kan injin.

"Kai in ka jiƙe za ka bushe," ta ce. "Wannan amana ce."

Tela ya ɗauko mayen ƙarfen da yake tsince allurai da shi, ya ɗaura masa zare yana ja a cikin taɓo. Injiniya na biye da shi da rarrafe, masu jiran ɗinki na biye da Injiniya. Mayen ƙarfe ya kamo ƙusoshi, ya kamo murafan kwalba, ya kamo cokalin da aka yi rigima a kansa bara har wasu mata biyu suka daina gaisawa. Sai can a bakin kwata ya kamo ɗan ƙarfen.

A haka Gwaggo ta shigo ta same su: manyan maza a durƙushe cikin taɓo, wankinta a rufin mota da shatin baƙin hannu a kan farin mayafinta, sandunan shanya tsaye tsirara.

Ta ajiye kwandonta a nitse. "Ina igiyata?"

Duk idanu suka tafi wuri ɗaya. Wutsiyoyi uku na leƙowa daga cikin injin.

"Gwaggo, sannu da dawowa. Ya mai jikin?"

"Mai jiki ya fi ka lafiya. Na ce ina igiyata?"

"Tana aiki ne, Gwaggo. Aikin kimiyya."

"Kimiyya! Ni na tsufa ina ganin ana ɗaure jaki da igiya daga waje. Yau na ga an ɗura wa mota ta ciki. Uku nake gani. Da na fita guda ɗaya ce."

"Huɗu ne, Gwaggo," in ji Tela. "Ɗaya ta yi nisa."

"Allah ya isa tsakanina da almakashin da ya yanka ta."

Tela ya ɓoye hannunsa a baya.

Gwaggo ta ɗauko kujera ta zauna a ƙarƙashin rumfa, ta ce ba inda za ta sai an ba ta kayanta cif. Wannan ya sa aikin ya yi sauri. Kuma don a faɗi gaskiya, robobin sun shiga. Injiniya ya ɓamɓare tsofaffin, busassu kamar ƙanzo, ya ɗaga kowace sama don jama'a su shaida, ya danna sababbin. Mayar da sifirin ya sa Tela ya danne da ƙotar guduma har idonsa ya yi ja. Da azahar ta gota, ruwa ya ɗauke, Injiniya ya zaro igiyoyi uku baƙi ƙirin ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Ta ƙi karɓa.

"Saura 'yar uwarsu."

Ya lanƙwasa waya ya zura a rami na uku. Ya ƙwaƙula, ya murɗa, ya ja, wayar ta fito da 'yan zaruruwa kamar gemun ɗan akuya. Ya sake, ta sake fitowa da gemu. Yana cikin yagalgala igiyar ne Sista, ma'aikaciyar ɗakin haihuwa da ke haya a ɗakin ƙarshe, ta dawo daga aiki.

"Me ya samu mara lafiyar?"

"Naƙuda ce ta tsaya, Sista," in ji Tela. "Ɗan ya juya."

Sista ta shiga ɗaki ta fito da tocila da wani dogon hantsaki siriri. Ta naɗe hannun riga, ta ture Injiniya da gwiwar hannu. "Matsa, uban yaro ba ya shiga." Ta haska, ta zura, ta lalubo. Mata suka matso suna cewa sannu, sannu. A hankali igiya ta fara fitowa, Sista na ja tana cewa, "Yauwa, yi nishi, saura kaɗan." Da ta fito aka yi guɗa.

Sista ba ta yi murna ba. Ta jera igiyar kusa da sauran ukun. Ta gaza su da kusan taƙi guda, bakinta kuma a tsattsage.

"Akwai saura a ciki," ta ce. "Mu a wurinmu in mabiyiya ba ta fito duka ba, ba ma sallamar mai jego."

"Wannan a wurinku ke nan," in ji Injiniya, yana mayar da fulogi. "Injin wuta ne, igiya auduga ce. Me wuta ke yi wa auduga? Tashi ɗaya za ta ƙone ta fita ta salansa, har ma ta share hanya."

"Maigida," in ji Malama, "ka bari a kira mai gareji ya duba."

"Ya duba me? Aikin da aka gama?"

Ya rufe injin. A farantin baƙi noti biyu suka rage, ya ce kamfani kan sa ƙari saboda tsaro. Ya wanke hannu, ya canja riga, ya sa hula, ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat. Rediyon da ya yini yana waƙa ya shanye batir tas.

"Ba komai. Turi ɗaya take so."

Titin gidan gangare ne, ya miƙe har shataletalen bakin kasuwa. Tela da masu jiran ɗinki suka kama bayan motar. Sista ta bi su da hantsakinta, wai ko za a buƙace ta. Malama ta bi da lema a naɗe. Gwaggo ta zo a ƙarshe, riƙe da guntayen igiya a nesa da jikinta kamar matattun macizai. Masu shaguna suka fito. Injiniya ya fito da hannu ta taga yana ɗaga musu.

"Ku lura da salansa!" ya yi kira. "Duk wanda ya ga hayaƙi ya faɗa!"

Motar ta ɗauki gudu. Daf da shataletale ya sa giya ta biyu ya saki kuloci. Ta yi tari, ta yi tsalle, ta kama. Ta kama fa da gaske, har Injiniya ya buɗe baki zai yi magana. Sai ta saki wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin tulu. Salansa ta tofo baƙin hayaƙi mai ƙaurin tsumma, tare da 'yan zaruruwa masu ci da wuta. Daga ƙarƙashin bonet aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwararas, kamar ana jujjuya cokula a cikin bokiti. Tayoyin baya suka ja ƙasa. Motar ta tsaya cak a tsakiyar shataletale, ta tare hanya uku.

"Na ga hayaƙi," in ji Tela, yana haki.

Masu bas suka hau danna oda. Wani direba ya leƙo ya tambaya ko gidansu ne nan. Ɗan sandan hanya ya taho yana gyara hula, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam, me ya same ta?"

"Sabon aiki ne, ofisa. Tana zaunawa ne."

"To ta tashi ta zauna a wani wuri."

Injiniya ya murɗa makulli. Ko ƙyat ɗin ma yanzu babu. Baƙin mai ya fara bin gefen injin yana ɗiga a kwalta, daga inda ya kamata noti biyun nan su kasance.

Gwaggo ta iso, ta ratsa taron ta tsaya a gaban ɗan sandan. "Ɗana, tunda hukuma ta zo, a rubuta. Igiyata ce a cikin motar nan."

"A but ɗin baya, Iya?"

"A cikin cikinta. Shi ya ɗura mata."

Ɗan sandan ya dubi Injiniya, ya dubi Sista da hantsaki, ya dubi guntayen igiyar. Ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Kafin motar janwe ta zo, labarin ya zaga kasuwa ya dawo, har an ƙara masa cewa bargo aka cusa.

A gareji aka sauke kan injin gaba ɗaya, abin da Injiniya ya rantse ba za a yi ba. Igiyar ta shiga ƙarƙashin bawul ta hana shi rufewa, fistan ya taso ya same shi a hanya. Bawul biyu sun lanƙwashe, fistan ya tsage. Robobin kuwa, mai garejin ya ce, sun zauna daram, ba abin da ya same su. Injiniya ya nemi ya maimaita wannan da ƙarfi don Malama ta ji.

Aka zaga shagunan kayan mota kaf. Motar ta tsufa, an daina kawo kayanta. Kowa amsa ɗaya yake bayarwa: sai dai a ƙasar da aka ƙera ta. Mutum ɗaya suka sani a ƙasar, kuma yana shirin haɗa akwatinsa.

"Sai ka rubuta masa," in ji Malama. "In ya taho hannu biyu, motarsa ta mutu ke nan."

"Ke ce ƙanwarsa."

"Ni ajiyewa na yi."

Ya rubuta ya yaga, ya rubuta ya yaga. Wasiƙar da ta tsira ya sa a aljihu ya yi ta yawo da ita. Ranar farko ya ce gidan waya ya cika. Rana ta biyu ya ce kan sarkin da suke sayarwa ba ya mannuwa da kyau, ya ma yi wa ma'aikacin tayin duba masa gam ɗin. Da Malama ta ga kwanaki na tafiya, sai ta yafa mayafi ta ce yau tare za su.

A bakin akwatin gidan waya ta miƙa hannu. "Mu gani."

Bayan gaisuwa mai tsawo, wasiƙar ta ce: "Ina farin cikin sanar da Yaya cewa na shawo kan matsalar motarsa. A halin yanzu ba ta yin hayaƙi ko kaɗan, safe ko yamma. Sai dai idan Yaya zai taho, ya riƙo mana bawul biyu da fistan ɗaya, don a ƙarasa gyaran yadda ya dace da darajarta."

Malama ta karanta har ƙarshe. Ta ciro jan bironta na duba littattafai, ta ɗora takardar a kan akwatin, ta ƙara layi biyu a ƙasa: "Yaya, ka hau tasi daga filin jirgi. Gwaggo ta ce in akwai igiyar shanya mai kyau a can, fara take so."

Ta liƙe ambulan ta ba shi. Injiniya ya zura shi a bakin akwatin, amma ya riƙe kusurwa ɗaya da yatsu biyu.

"Kin san," ya ce, "in aka samu waya mai ɗan tsawo, irin akwatin nan ba shi da wuyar..."

Malama ta ɗan bugi bayan hannunsa. Wasiƙar ta yi sulub.